Kyauta Ce Ko Haƙƙi? Batun Tilasta Wa Kamfanoni Yi Wa Jama'a Hidima



A cikin azumin da ya wuce na je gaida wani kawuna da ke zaune a wani ƙauye a bayan birnin Kano, can gangaren inda masana'antu suke sako ruwan da suka gama aiki da shi. Kawu manomin rani ne tun yana saurayi. Da kuɗin latas da albasa da tumatir ya aurar da 'ya'yansa, da su kuma ya sauke farali. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga a-kori-kura ta shigo garin shaƙe da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, bayanta kuma wata farar bas ɗauke da ma'aikatan wani kamfani, kowa sanye da riga mai tambarin kamfanin, har da mai kyamara. Nan da nan aka kafa rumfa, aka jera kujeru, mai unguwa ya miƙe ya yi jawabin godiya har muryarsa tana rawa. Mata suka yi layi, kowace ta karɓi ƙullinta sai an tsayar da ita an ɗauke ta hoto kafin ta wuce. Kawu bai tashi ba, jikansa ya aika ya karɓo masa.

Da taro ya watse sai ya ce mini, "Taso mu je ka ga lambuna kafin a sha ruwa." Tun daga nesa wari ya fara tarbarmu. Ruwan da injinsa yake zuƙowa baƙi ne wuluk, da kumfa a kansa, bakin ganyen latas ɗin duk ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, shinkafar can kwana huɗu za ta yi a gidana. Ruwan nan kuwa ya fi shekara ashirin yana bi ta gonata." Na ce, "To Kawu, me ya hana ku kai ƙara?" Ya yi murmushi ya ce, "Mu kai wa, a wurin wa? Ai baki ya ci, ido ya ji kunya. Gobe in na buɗe baki a ce tsohon nan ba shi da godiya."

Maganar nan ta Kawu ita ta hana ni sakat har na ɗauki alƙalami. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: hidimar nan da kamfanoni suke cewa suna yi wa al'umma, su haƙa rijiyar burtsatse, su gina aji biyu, su raba kayan azumi, shin a bar ta ta ci gaba da zama ganin dama, ko kuwa doka ta shigo ta mai da ita dole? Na kai maganar majalisarmu, wani abokina akanta ya yi caraf ya ce, "Malam, kamfani fa ba gwamnati ba ne. Ya biya haraji, ya biya albashi, me kuma kake nema a wurinsa? In ka tilasta wa mutum kyauta ai ta tashi daga kyauta ta koma ƙwace." Wannan ra'ayi nasa tsoho ne. Tun a 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Milton Friedman, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana cewa aikin kamfani shi ne ya nemo wa masu hannun jari riba cikin bin doka, kuma manajan da ya ɗebi kuɗin kamfani ya yi alheri da su, da dukiyar wasu ya yi. Ni kuwa a ganina abokina yana da gaskiya rabi, kuma rabin da ya bari a baya shi ne ya kashe wa Kawu latas.

Inda gizo yake saƙar shi ne, abubuwa uku ne daban-daban aka cusa a buhu ɗaya aka ɗaure, aka raɗa musu suna hidima. Na farko biyan ɓarna. Na biyu rabon da mutanen wuri suka cancanta daga abin da ake haƙowa a ƙasarsu. Na uku kyauta tsantsa. Bahaushe bai taɓa rikita waɗannan ba. Idan akuyarka ta shiga gonar maƙwabci ta cinye masa wake, dagaci ne zai tura a duba a yanka kuɗin ɓarna, ka biya kana so ko ba ka so. Ba za ka aika masa da ƙwaryar fura ranar Juma'a ka ce magana ta wuce ba. Haka malamanmu na fiƙihu suka bambance mana zakka da sadaka: ɗaya tana da nisabi da lokaci da ƙayyadadden kaso, ɗaya cikin arba'in a dukiyar ciniki, ɗayar kuma an bar wa mutum da zuciyarsa. Sun kuma koya mana cewa wanda bashi ke wuyansa ya fara sauke shi kafin ya fita rabon alheri. To abin da kamfanoni da yawa suke yi mana shi ne, suna rabon sadaka alhali bashi na wuyansu, kuma sadakar ce take toshe bakin masu bin bashin.

Wani zai ce ai attajiranmu na da ba da doka suka yi alheri ba. Haka ne. Irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da sauran fataken goro da dillalan gyaɗa, sun ciyar, sun gina masallatai, sun ɗauki nauyin mutane ba adadi, babu ɗan sandan da ya tsaya a kansu. Amma a tuna, attajirin da a cikin unguwa yake. A masallacin unguwa yake salla, a maƙabartar garin za a kai shi, in ya ɓata rijiyar mutane shi ma daga ita za a ɗebo masa. Tsoron Allah da kunyar idon jama'a su ne dokar da ta ɗaure shi. Kamfanin zamani kuwa ba shi da fuskar da zai ji kunya da ita. Masu shi suna Legas ko Landan ko Beijin, wasu ma ba su san sunan ƙauyen da ke bayan katangarsu ba. Manajan da ke wurin shekara uku zai yi a ɗauke shi, kuma da ribar da ya kawo za a auna shi. Ko da mutumin kirki ne, in ya kashe miliyoyi wajen tace ruwan dagwalo alhali kishiyarsa na maƙwabta yana sakin nasa a kwata kyauta, kayansa za su fi tsada, kasuwa ta guje shi. Ka ga ke nan rashin doka mutumin kirki yake hukuntawa.

Kada a ce zato nake yi, bari mu duba abin da ya faru a ƙasar nan. A 2008 da 2009 bututun man kamfanin Shell ya fashe sau biyu a garin Bodo na ƙasar Ogoni, ɗanyen mai ya malale fadamun da dubban masunta suke ci daga gare su. Ƙungiyar Amnesty ta ruwaito cewa abin da aka fara kai wa mutanen garin shi ne buhunan shinkafa da wake da sukari da tumatir. Ka ji fa, shinkafa dai, irin ta Kawu. Sai da suka kai ƙara kotu a Landan, sannan a watan Janairun 2015 kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran wurin zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ta kuma sami wata rijiya a Ogale da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji ya ninka abin da aka yarda da shi sau 900. Wannan fa yanki ne da kamfanonin mai suka shafe shekaru suna tallan makarantu da asibitoci da tallafin karatu da suka bayar. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas sun rasa rayukansu a hannun gwamnatin soja ranar 10 ga Nuwamba, 1995, a tsakiyar wannan gwagwarmaya.

Mu ma nan Kano muna da namu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Ko ma wane ne mai gaskiya, abin lura shi ne sai a 2009, shekara goma sha uku bayan gwajin, kuma bayan an sha shari'a a Nijeriya da Amurka, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A duk waɗannan misalai ban ga inda kyakkyawar zuciya ta fito da kuɗin ba. Alƙali ne ya fito da su, ko tsoron alƙali.

To ke nan sai a kafa doka a ce kowane kamfani ya ware wani kaso na ribarsa ya yi wa jama'a aiki, magana ta ƙare? A nan ne nake so mu yi hattara, domin akwai waɗanda suka riga mu gwadawa. Tsibirin Morishas ya ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari a 2009. Indiya ce ta fi shahara da abin. A dokar kamfanoninta ta 2013, sashe na 135, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2014, an ce duk kamfanin da dukiyarsa ta kai rufi biliyan 5, ko cinikinsa na shekara ya kai rufi biliyan 10, ko ribarsa ta kai rufi miliyan 50, ya kashe aƙalla kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin ribarsa ta shekaru uku da suka gabata a kan ayyuka irin su ilimi da lafiya da yaƙi da yunwa da kare muhalli. Da farko in kamfani bai kashe ba, bayani kawai zai rubuta na dalilinsa. Da aka ga bayanai sun fi ayyuka yawa, sai a 2021 aka tsaurara, aka sa tara, aka ce kuɗin da ba a kashe ba a ware su a asusu na musamman ko a miƙa su ga asusun gwamnati.

Babu shakka dokar ta fito da kuɗi masu yawa, kamfanonin da a da ko sisi ba sa bayarwa sun fara bayarwa. Amma ga abin da ya biyo baya. Na ɗaya, masu bincike sun gano cewa wasu kamfanonin da a da suke ba da fiye da kashi 2 sun ja da baya zuwa kashi 2 ɗin, tunda an nuna musu iyakar abin da ake nema. Na biyu, kuɗin sun fi taruwa a jihohin da dama suke da arziki da masana'antu, irin su Maharashtara da Gujarat da Karnataka, jihohin talakawa irin su Bihar kuwa sai ɗan abin da ya samu. Na uku, 'yan siyasa sun gano hanyar tulun. A 2018 babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya yi ƙorafi cewa wasu kamfanonin mai na gwamnati sun zuba kuɗin hidimar al'umma a aikin ƙaton mutum-mutumin Sardar Patel mai tsawon mita 182 a Gujarat. Na huɗu, wanda ya fi damuna, dokar tana tambayar kamfani nawa ya kashe, ba ta tambayarsa ta yaya ya sami ribar. Ma'ana, kamfani zai iya gurɓata kogi da safe, ya gina aji da yamma, ya cika kashi biyunsa, takardunsa su fita tsaf. Da irin wannan doka aka kafa a Kano, da motar shinkafar nan ta zama biyu, ruwan Kawu kuma yana nan baƙi.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa ɗaukar hanyar. A majalisa ta shida, wadda ta zauna daga 2007 zuwa 2011, marigayi Sanata Uche Chukwumerije ya gabatar da ƙudurin da ya nemi kamfanoni su riƙa ware kashi 3.5 cikin ɗari na ribarsu, tare da kafa hukumar da za ta kula da abin. Ƙudurin bai zama doka ba. Amma muna da wasu dokokin da suka yi kama da shi, kuma kowace da darasinta. A 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari, wanda daga baya, a 2011, ya zama asusun TETFund. Duk wanda ya shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko wata kwalejin ilimi ya ga gine-gine da sunan asusun a jiki. Da an bar wa ganin dama, da rubu'insu ba a gina ba. Wannan ya nuna tilas tana aiki idan an san takamaiman inda kuɗin za su. A ɗaya ɓangaren kuma ga hukumar raya yankin Neja Dalta, NDDC, da aka kafa a 2000, wadda doka ta ce kamfanonin mai su riƙa zuba mata kashi 3 cikin ɗari na kasafinsu na shekara. Binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnatin tarayya a 2021 ya nuna an ba hukumar kimanin naira tiriliyan 6, amma ayyuka fiye da 13,000 ko dai an watsar da su ko an yi su a lalace. Kamfanoni sun biya, talaka bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dokar man fetur da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2021 ta ɗan yi ƙoƙarin kauce wa wannan rami. Ta ce kowane kamfanin haƙar mai ya kafa asusun amana na garuruwan da yake aiki a cikinsu, ya riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na abin da ya kashe wajen gudanar da aikinsa a shekarar da ta gabata, kashi 75 na kuɗin su tafi ga ayyuka, 20 a ajiye, 5 a yi hidimar ofis. Mutanen yankin kashi 10 suka nema, ba su samu ba. Abin da ya burge ni shi ne an ɗora kason a kan kuɗin aiki, domin riba kam akanta mai wayo zai iya ɓatar da ita a takarda. Abin da bai burge ni ba shi ne kamfanin ne yake naɗa amintattun asusun, kuma in aka fasa bututu a yankin, daga kason garin za a cire kuɗin gyara, ko da ba su san wanda ya fasa ba. Haka nan dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Ina so mai karatu ya tambayi kansa: a garuruwanmu na Arewa da ake fasa dutse ko haƙar zinare ko farar ƙasa, mutum nawa ne suka taɓa ganin wannan takarda da idonsu? Sau da yawa daga fadar hakimi sai ofishin manaja, talaka sai dai ya ga ƙura.

Yanzu bari in ba abokina akanta haƙƙinsa. Ya ce mini, "Ka je Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga masana'antun da suka rufe. Ka je Kakuri a Kaduna ka ga yadda masaƙu suka zama kufai. Wanda ya rage yana sayen dizal da kansa, ya haƙa rijiyarsa, ya gyara titinsa, ya ɗauki masu gadinsa, ga masu karɓar haraji na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma kowa da rasiɗinsa. Ka ƙara masa wani kaso, gobe ya kulle ƙofa, ma'aikata ɗari biyar su koma gida. Wa ka taimaka?" Wallahi wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ga abin da rufe masaƙu ya yi wa gidaje a Kaduna da Kano ba zai yi wasa da ita ba. Akwai kuma wani haɗarin: da zarar an ce gina makaranta aikin kamfani ne, shugaban ƙaramar hukuma ya sami mafaka. A tambaye shi ina asibiti, ya nuna katangar kamfani. Ga shi kuma a ƙasar nan duk sabuwar doka takan haifi sabuwar hukuma, da shugaba da motoci da jami'an da za su riƙa zagayawa ana sallamarsu da ambulan.

Saboda haka ni matsayina shi ne: kyauta a bar ta kyauta, kada doka ta taɓa ta. Wanda ya ga dama ya raba shinkafa, Allah Ya ba shi lada gwargwadon niyyarsa. Amma sauran biyun, wato biyan ɓarna da rabon masu ƙasa, a cire su daga buhun hidima a mai da su inda suka dace, wato gaban alƙali. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Majemar da ke aiki da sinadarin kuromiyam, in aka ce ta tace ruwanta kafin ta sake shi, ba a ɗora mata wani sabon haraji ba. Kuɗin tacewar nan dama ana biyansu tuntuni, sai dai Kawu ne yake biya da latas ɗinsa, yara kuma da fatar ƙafafunsu. Abin da ake nema kawai shi ne rasiɗin ya koma hannun mai shi.

Wani zai ce ai dokokin muhalli muna da su. Ƙwarai kuwa. Bayan da aka jibge gubar da aka kwaso daga Italiya a garin Koko a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar auna illar aiki kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA. Tun 1984 doka ta hana ƙona iskar gas ba da izini ba, amma shekaru arba'in bayan haka wutar ba ta mutu a Neja Dalta ba. Ashe matsalarmu ba ƙarancin doka ba ce kaɗai. Matsalar ita ce an damƙa sandar a hannun jami'in da ke zaune a ofis, shi kuwa wanda ruwan yake bi ta gonarsa an bar shi hannu rabbana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a ba mai ɗakin ikon magana.

Ga abin da nake ganin ya kamata 'yan majalisarmu su duba. Na farko, a sauƙaƙa wa jama'ar gari su haɗu su kai kamfani ƙara a kotun da ke kusa da su, kuma in an tabbatar ruwa ya gurɓata a gangaren masana'anta, ita za ta kawo hujjar cewa ba daga gare ta ba ne, domin ita ke da injiniyoyi da ɗakin gwaji, manomi ba shi da ko ɗaya. Faransa ta yi wani abu mai kama da haka a 2017, bayan rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladash a 2013 wanda ya kashe masu ɗinki fiye da 1,100: ta wajabta wa manyan kamfanoninta su rubuta shirin kauce wa cutar da mutane da muhalli, har a rassansu da wurin masu yi musu aiki a ƙasashen waje, kuma wanda aka cuta yana iya kai su kotu. Na biyu, duk mai haƙar wani abu daga ƙasa ya ajiye kuɗin gyaran wurin a banki tun kafin ya sa diga, domin ranar da arzikin ya ƙare ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga haka a yankin Arlit, inda aka rufe mahaƙar yuraniyam ta Cominak a 2021 aka bar miliyoyin tan na tarkace mai guba a kusa da gari. Na uku, kason masu ƙasa ya shiga asusun da mutanen gari ne za su zaɓi masu riƙe shi, har da mata da matasa, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar fadar dagaci da Hausa, a karanta shi a rediyo duk shekara. Na huɗu, a sa nisabi. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa, da mai injin niƙa, da mai gidan burodi, babu ruwansu da wannan. Na biyar, duk kamfanin da kotu ta same shi da ɓarna bai biya ba, a hana shi tallan alherinsa a rediyo da talabijin har sai ya biya.

Na san ko an rubuta duk wannan, takarda ba ta tace ruwa. Sai an sami alƙalan da ba a saye, da 'yan jaridar da za su je bakin kwata maimakon bakin rumfar rabon kaya, da masu unguwannin da za su iya cewa mun gode, amma ga ƙorafinmu. Mu ma marubuta da laifinmu. Littattafai nawa muka rubuta a kan Alhaji mai kamfani da ya ga 'yar talaka ya aura, ba mu taɓa leƙa bayan katangar kamfanin mun ga abin da ke fita ta bututu ba? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma duk da haka doka tana da amfani guda da babu mai musunsa: tana canza sunan abu. Ranar da aka rubuta cewa ruwa mai tsabta haƙƙin Kawu ne, daga ranar ya tashi daga mai roƙo ya koma mai bin bashi, kuma mai bin bashi ba ya jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa.

Da muka dawo daga lambu aka kira magariba, aka kawo mana kunu da ƙosai, daga baya aka sauke shinkafar kamfani da mai da yaji. Na ga Kawu ya sa hannu yana ci, sai ya lura ina kallonsa. Ya ce, "Ci mana, ɗan nan, halal ce. Ai daga cikin kuɗin latas ɗina ne suka ɗan rage mini." Muka yi dariya, amma ni dai har na hau mota dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan gaskiya, Ya ba masu dukiyarmu ikon sauke haƙƙin maƙwabtansu tun a nan duniya, mu kuma Ya ba mu bakin faɗa. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan'uwa masu masana'antu da lauyoyi, ƙofa a buɗe take, gyara kayanka ne.